Wuce Gardi

Har yau idan mai labarai a radiyo ya ce "wucin gadi", sai in tashi in bar wurin. Wata huɗu ke nan. Inna tana cewa in daina, abin da ya faru ya faru, amma ita ma na lura ta ɗauke kaskon suyarta daga kusa da rumfar mai caji, ta koma can bakin masu albasa inda ciniki bai kai na da ba.

Babana mutumin Dandi ne, haifaffen Tunuga. Hausarsa ta kasuwa ce. Ya fi shekara ashirin da auren Inna, Bahaushiyar Zabori, amma har gobe bai raba "kai" da "ke" ba. Ni ɗiyarsa "kai" yake ce mini. Ni kuma a Gaya na tashi, ina jin Dandanci sarai amma harshena ba ya juya shi, don haka shi ya yi nasa yaren, mu amsa masa da Hausa, a haka muke zaune lafiya. Duk mai kaki kuwa, soja ne ko jandarma ko ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, a bakin Baba sunansa gardi, yadda tsofaffi suka saba faɗa tun zamanin Nasara.

Gonarmu ta shinkafa tana kan gungu, wato tsibirin da ke tsakiyar gulbi, gangaren Tunuga. Kakan Baba ya noma ta tun ba a san wane ruwa ne na wace ƙasa ba. Ko bayan da aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Malanbil, garin da ke ƙetaren iyaka, an ci gaba da barin manoman gungu su ƙetara da ƴar takarda, da ita Baba ya yi shuka da damina. Sai aka yi harbe-harbe a dajin da ke hayi, aka ce ƴan bindiga ne, aka ce kuma wasu masu jiragen ruwa ne ke kai musu mai da abinci. Kwana biyu bayan haka soja suka kafa tanti a bakin mashiga, suka ce ko jirgi ɗaya kada ya wuce.

Shinkafa ba ta san da wannan doka ba. Ta nuna. Kullum Baba sai ya hau kabu-kabu ya je bakin ruwa ya tsaya, hannu a goshi, yana kallon tsuntsaye suna sauka kan gungu kamar hayaƙi. Ya dawo ya ƙi cin abinci.

Ranar kasuwa ce. Ina taya Inna juya kifi a mai, sai na ji an ƙwala mini kira daga rumfar mai caji. Wannan mutum bai fi shekara ɗaya da zuwa ba. Yana da ƙaramin injin wuta, yana cika wa mutane wayoyi, kuma radiyonsa ba ya mutuwa, shi ya sa dattawa suka mai da bencinsa wurin hira. Ya ce shi ɗan Karakara ne. Inna ta taɓa tambayar wata mai daddawa daga can, ta ce ba ta san gidansu ba, amma Karakara da faɗi.

"Ƴar lakwal!" in ji shi, haka yake kirana don na yi makarantar boko. "Zo ki fidda mu duhu. Turawan ga na maganar iyaka da soja, mu ko 'wi, wi' kaɗai muka iya."

Baba yana wurin, da amininsa wani tsohon masunci mai haƙori ɗaya a gaba, da wasu manoman gungu huɗu ko biyar.

Tsohon ya ce, "Ƙyale ta. Karatun yaran yanzu, ko sunan kifi ba su sani ba da Faransanci."

Na ce, "Puwaso ne, Baba tsoho."

"Puwaso? To shi ya sa Nasara ba ya ƙiba. Wa zai ƙoshi da abu mai wannan suna?"

Aka yi dariya. Na goge hannuna da zani, na durƙusa kusa da radiyon. Ba labarai ba ne, hira ce ake yi da wani masanin shari'a. Na gama lise, wato babbar sakandare, na faɗi jarrabawar ƙarshe da ƙiris, kuma tarihi da labarin ƙasa su ne darasin da na fi so, don haka na bi maganarsa ba wuya. Yana bayanin abin da babbar kotun da ke sasanta ƙasashe take yi idan ƙasa biyu suka kai mata ƙarar iyaka alhali sojojinsu na harbin juna. Ya ce shari'ar iyaka takan ci shekaru, to kafin a gama, kotu na iya cewa: ku tsai da wuta, kowa ya ja sojansa baya daga wurin da ake rigima, kada wani ya ƙara taku ɗaya, kada a taɓa talakawan da ke zaune a wurin. Ya ce wannan ba hukunci ba ne, kotu ba ta ce ƙasar ta wane ce ba, tsare rayuka ne kawai kafin ranar hukunci. Ya ba da misali da wasu ƙasashe biyu can gabas mai nisa, waɗanda ko sunansu ban riƙe ba. Ya kuma ce kotun ba ta da soja ko ɗaya nata, sai dai ƙasashen su ji kunya su bi.

Na juya na faɗa musu da Hausa. Na ga fuskar Baba tana buɗewa.

Ya ce, "Kamar wurin maigari ke nan. In mutum biyu na rigimar gona, ba a hana wanda ya shuka girbi. Ya girbe abinsa, sannan a zauna shari'a."

Na ce, "Kusan haka ne, Baba."

A wurinmu haka ake yi tun fil azal. Ko iyakar gona ta rikice, ko gulbi ya ci gefe ya ƙara wa wani gefe, amfanin da ke tsaye na wanda ya zuba irin ne. Ba a shari'a da hatsi a gona.

Mai caji ya ce, "To shi abin, mi sunanshi?"

Da na ce "abin da ake yi kafin a gama shari'a", da yanzu ba ni da labarin bayarwa. Amma idon dattawa na kaina, tsohon masunci ya daina tsokana, kuma akwai wata magana da nake ji a bakin masu labaran Hausa, mai nauyi, irin ta manya. Na ce, "Matakin wucin gadi."

Baba ya ce, "Wuce mi?"

"Wucin gadi, Baba."

Injin wuta yana ta ruri a bayanmu. Mai caji ya tafa hannu ya ce, "To, kun dai ji da kunnenku," ya maimaita maganar da ƙarfi don na ƙarshen benci su ji. Na juya wannan maimaitawa a raina ya fi sau dubu. "Gadi" ya ce ko "gardi"? Wata rana in rantse na ji harshensa ya kaɗa, wata rana in ce sharri nake masa. Haka kuma ban tabbata ba ko na nanata musu cewa zancen wasu ƙasashe ne na nesa. Na san na faɗa da farko. Ban sani ba ko kowa ya ji, don a daidai nan Inna ta yi kira, mai yana ƙonewa, na tashi da gudu.

Washegari da hantsi Baba ya ce wa Inna zai je Tunuga duba ƙanensa. Na ga ya ɗauki lauje ya naɗe a buhu, na ga kuma ya sa an zuba masa tuwo a kwano mai yawa. Ban tambaya ba. Ɗiya ba ta tambayar ubanta ina za shi da lauje.

Gab da azahar labari ya iso, a bakin wani mai kabu-kabu da ya tsaya ƙofar gida ko injin bai kashe ba. Jirage uku sun sauka ruwa ƙasa da tanti, mutum bakwai, da rana tsaka, ba ɓoyo. Soja suka yi musu tsawa, su kuma suka ɗaga hannu suna gaisuwa, suka ci gaba da tuƙi. Sai aka yi harbi. Ba a sami kowa ba, amma an huda jirgi ɗaya, tsohon masunci ya faɗa ruwa aka tsamo shi. Duk suna tanti a tsare.

Kafin la'asar tsakar gidanmu ta cika da mata. Da farko jaje suka zo yi. Daga baya matar tsohon masunci ta shigo, mayafinta a hannu, ta tsaya a kaina.

"Ke ce kinka ce kotu ta ce a wuce gardi?"

Na ce, "A wuce wa?"

"Gardi! Malam maigidana ya ce daga bakinki ya ji. Kotun Turawa ta ce soja su ja baya, mai shuka ya girbe, a wuce gardi ba mai hanawa."

A nan na gane. Na buɗe baki in yi bayani, ba su ba ni dama ba. Wata maƙwabciyarmu da muka yi shekara goma muna aron turmi ta dube ni ta ce, a hankali, kamar mai tambayar farashi, "Wa ya ce ki faɗi hakan?" Ba wanda ya tsawata mata. Wata ta ce ai an sha ganina da waya a hannu. Wata ta ce ƴan lakwal ba a san da wa suke magana ba. Inna ta kore su da kyar, ta rufe ƙofa, ta jingina da ita. Ita ma ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Faɗa mini yadda anka yi, tun daga farko." Na faɗa mata sau biyu. A karo na biyu ta ce, "Shi mai cajin, mi ya sa ke ya kira?"

Ni ce ƴar lakwal mafi kusa, shi ke nan abin da na sani.

Kwana biyu suna tsare. Matar tsohon ce ke kai musu abinci, don ita aka bari. A rana ta biyu da safe ta biyo ta gidanmu, wannan karon ba faɗa, ta zauna bakin rijiya ta ce soja ba su yarda da zancen shinkafa ba. Sun ga buhuna, sun ga tuwo mai yawa, sun ga mutum bakwai sun shiga ruwa lokaci ɗaya kamar an ba su alama. Abu ɗaya suke tambaya: wa ya ce muku an buɗe? Su kuma sun yi gum.

"Ubanki ya ce duk wanda ya ambaci ɗiyarshi, shi da shi har lahira. To shirun nan shi ya ɓata abin. Shugabansu ya ce akwai wanda suke rufa wa asiri. Gobe da safe mota za ta kai su Dosso."

Kowa a Gaya ya san wanda aka kai Dosso da irin wannan zargi ba a sa masa ranar dawowa.

Na shiga ɗaki na ɗauko katina na lakwal. Inna ta tare ƙofa.

"Ba inda za ki. In sunka rubuta sunanki, ba ya gogewa."

"Inna, Baba fa."

"Na sani! Kina tsammani ban sani ba?" Ta riƙe mini hannu har farcenta ya shiga. Can ta sake ni, ta jawo mayafi. "Mu tai. In ana tsarewa, a tsare mu duka."

Mun isa da rana ta take. Tanti biyu ne, da buhunan yashi, da wata babbar bishiya. A gindinta na hango su zaune a ƙasa. Baba ba hula. Ban taɓa ganin kan Baba a waje ba hula ba, ban ma san furfurarsa ta kai haka ba. Da ya gan ni sai ya yunƙura ya daka tsawa, "Kai! Koma gida! Kai, ba ka ji?" Sojan da ke tsaye ya waiwaya yana neman yaron da ake kora, bai ga kowa ba sai mata biyu.

Shugabansu matashi ne siriri, idonsa ja don rashin barci. Na gaishe shi da Faransanci, na ce ni ce wadda suke nema. Ya ɗago ya dube ni, ya sa aka matsar da Inna gefe, ya nuna mini benci. Na zauna. Na ba shi labarin radiyo da masanin shari'a, na faɗi kalmar Faransancin da mutumin ya yi ta maimaitawa, provisoire, sai ya ce ya san ma'anarta, ba darasi ya tambaye ni ba. Na roƙi bik da takarda. Na rubuta a sama: wucin gadi. Na rubuta a ƙasa: wuce gardi. Na ce na farko shi na faɗa, na biyu shi suka ji.

Shi ba Bahaushe ba ne. Ya kira wani sojansa mai tsagar gabas a kumatu, ya miƙa masa. Sojan ya karanta na sama, ya karanta na ƙasa, ya dubi dattawan da ke gindin bishiya, sai ya fashe da dariya har ya dafa buhun yashi.

"Wuce gardi! Lallai kun wuce gardi, baba! Saura kaɗan ku wuce duniya!"

Ya fassara wa shugaban yana share hawaye. Shugaban bai yi dariya ba. Ya sa aka kawo tsohon masunci shi kaɗai, aka tambaye shi mene ne wucin gadi. Tsohon ya ce, "Ai shi ne a wuce, ba mai tarewa." Aka mai da shi, aka kawo wani, shi ma haka. Sannan shugaban ya juyo kaina.

"Radiyon wa? Wa ya kamo tashar? Wa ya kira ki?"

Ina shirin amsawa sai na ji ƙarar babur a bayana. Mai caji ne, da leda cike da wayoyi. Ya sauka ya bi sojoji yana miƙa wa kowa tasa, kamar wanda ya saba. Da ya iso wurin shugaban sai ya ce masa, da Faransanci mai santsi wanda ya fi nawa, duk sun cika sai tasa, batirinta ya gaji, gara a sake. Sannan ya dube ni ya washe baki.

"A'a, ƴar lakwal! Ke ce nan?"

Mutumin da ya ce "wi, wi" kaɗai ya iya.

Shugaban yana jira. Na dubi takardar da ke gabana. Idan mai caji nasu ne, ambatonsa ba zai amfane ni ba, sai dai ya san na gane shi. Idan kuma ba nasu ba ne, mai neman abinci ne kawai da ya ɓoye iliminsa don a bar shi ya zauna cikin tsofaffi, to gobe shi za a sa a motar Dosso, da bakina. Kalma ɗaya tawa ta riga ta huda jirgi.

Na ce, "Radiyon kasuwa ne, kowa na ji. Ni na yi karambani."

Mai caji yana nan tsaye yana warware igiyar caji. Bai ɗago ba.

Shugaban ya karɓi katina ya kwafe duk abin da ke jiki cikin wani babban littafi, har sunan Inna da unguwarmu. Ya shiga tanti ya yi waya mai tsawo. Da ya fito sai ya sa aka tsai da dattawan a layi, ya yi magana da Faransanci, ya ce ni in fassara tun da na iya. Za a sake su. Jirage suna nan. Ba mai kusantar ruwa, ba mai barin gari, kuma kowace ranar kasuwa su zo su nuna fuska. Ba a rufe maganar ba. Ya ɗaga yatsa ya ce sakin nan provisoire ne, ya maimaita, yana kallona.

Baba ya karkato kai. "Mi ya ce, wannan ta ƙarshe? Ba ita ce ta radiyo ba?"

Maganar ta zo mini har bakin haƙora. Na haɗiye ta.

Na ce, "Baba, ya ce ka tafi gida yau. Amma ba a gama ba. Ana iya kiran ka gobe. Ba ka taɓa ruwa. Ba ka zuwa gungu. Ko wa ya ce maka an buɗe, ko ni ce, kada ka yarda."

Ya gyaɗa kai. Na ce a'a, ya maimaita mini. Ya maimaita da Hausarsa. Na ce ya sake faɗa da Dandanci, a gaban sauran, don in ji abin da ya shiga kunnensa. Ni da ban taɓa sa ubana ya maimaita magana ba. Ya dube ni, sai ya faɗa da Dandanci, ɗaya bayan ɗaya, daidai. Inna ta ciro ɗankwalin da ke ƙarƙashin mayafinta ta miƙa masa ya rufe kansa, muka kama hanya.

Shinkafar tsuntsaye suka cinye, abin da suka rage dorina ta tattake. Masu kallo daga gaɓa suka faɗa mana. Baba bai taɓa yi mini maganar ba, ko sau ɗaya. Abin da ya tambaye ni kawai, wata rana muna dawowa daga nuna fuska, shi ne ko waccan kotu ta san da gungunmu. Na ce ban sani ba. Yanzu abin da ban tabbata ba, haka nake cewa.

Kowace ranar kasuwa ni ke raka shi tanti, don sunana ma yana littafin. Hanyar ta bi ta gaban rumfar mai caji, ba wata. Benci ya koma cika, radiyo yana ta magana. In ya hango mu sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ƴar lakwal, yau ba fassara?" Baba ya amsa masa gaisuwa. Ni sai in ƙara sauri, in riƙe bakin rigar Baba har mu sha kwana.